Duwatsun da Wuta Ta Haifa: Me Ya Raba Giranit da Basalt, Me Ya Raba Kufena da Ririwai?

Duk wanda ya taɓa aza harsashin gini a Kano ko Kaduna ya san yadda cinikin tsakuwa yake. Ka ce a kawo maka tifa ɗaya ta giranit, a kawo, ka biya. Ba mai tambayar daga wane dutse aka fasa ta, muddin dai ba marmara ba ce kuma tana kama siminti. Haka abin yake a shagunan masu sayar da gogaggen dutse na kicin da matakala: akwai jan giranit, akwai mai ruwan toka, akwai kuma wanda ake ji da shi, baƙin giranit. To a wajen masanin duwatsu babu wani abu wai shi baƙin giranit. Dutsen da ya yi baƙi wuluk ba shi da farar ƙwayar nan mai kama da gilashi da ake kira kwaz, alhali ita ce sharaɗin farko na zama giranit. Yawancin abin da ake sayarwa da wannan suna gabro ne ko dolarait. Ɗan kasuwa bai yi ƙarya ba, domin a ma'auninsa duk dutse mai tauri da ke karɓar gogi har ya yi sheƙi giranit ne. Masani kuwa so yake sunan dutse ya gaya masa tarihinsa, kuma a wannan tarihin ne ake gane inda kuza take da inda ba ta.

Masana sun kasa duwatsun duniya gida uku. Akwai waɗanda suka samu daga yashi, laka da ɓawon halittun ruwa da suka taru suka danne juna, irin farar ƙasar da ake haƙa a Kalambaina ta Sakkwato ana yin siminti. Akwai waɗanda zafi da matsi suka rikiɗar da su ba tare da sun narke ba. Na ukun su ne namu a nan: duwatsun da suka taɓa zama ruwa tsamo-tsamo saboda zafi, sannan suka huce suka daskare. Narkakken dutsen, idan yana can ƙarƙashin ƙasa, magma ake ce masa. Idan ya ɓullo ta bakin dutse mai aman wuta ya kwarara a fili, za mu kira shi malala. Sunayen duwatsun wannan gida sun yi yawa har sun zama abin tsoro ga ɗalibi, amma kusan dukkansu amsa ce ta tambayoyi biyu: a ina narkakken ya huce, kuma me ke cikinsa?

Inda ya huce

Ɗauki ɓallin giranit ka duba da ido. Za ka ga ƙwayoyi daban-daban sun sarƙe da juna: kwaz mai ruwan gilashi, feldisfa fari ko ja-ja wanda ya fi kowa yawa, da ɗigo-ɗigon baƙar maika mai ƙyalƙyali. Kowace ƙwaya tana iya kai girman gero, ko wake, wani lokaci har ta fi. Ƙwaya ba ta kai wannan girma sai ta samu lokaci. Magmar da ta maƙale a zurfin kilomita biyar ko goma ko fiye, duwatsun da ke kewaye da ita suna riƙe mata zafi, sai ta ɗauki dubban shekaru, har dubban ɗaruruwa, kafin ta gama daskarewa. A tsawon wannan lokaci sinadarai suna samun sukunin neman 'yan'uwansu su jeru. Giranit, dayorait da gabro duk 'yan wannan hanya ne, kuma ba wanda ya taɓa ganin haihuwarsu. Duk giranit ɗin da muke gani tsaye a sarari, irin Kufena a Zariya ko Kwatarkwashi a Zamfara ko Aso a Abuja, a cikin duhun ƙasa ya daskare. Ruwa da iska ne suka yi miliyoyin shekaru suna zaizaye abin da ya rufe shi har ya bayyana.

Malalar da ta fito fili ba ta da wannan gata. Iska ko ruwa na bugun ta, cikin kwanaki ko watanni ta sandare. Ƙwayoyin suna nan, amma sun yi ƙanƙanta, sai an yanka dutsen siriri an sa a madubin ƙara girma ake rarrabe su. Basalt, andisait da rayolait haka suke, fuskarsu a dunƙule kamar abu guda. Idan hucewar ta yi sauri fiye da haka, ko kuma narkakken ya yi kaurin da sinadarai ba sa iya motsi a cikinsa, ba a samun ƙwaya ko ɗaya, sai gilashi. Shi ne obsidiyan, baƙin dutse mai santsi wanda idan ya fashe bakinsa ya fi aska kaifi. Mutanen dā a Habasha da Kenya sun yi wuƙaƙe da kan mashi da shi tun kafin a san ƙarfe, haka ma Aztek na Meziko. Idan kuma narkakken yana cike da iskar gas ya yi kumfa yana fitowa, kumfar ce ke daskarewa ta zama fumis, dutsen nan marar nauyi da ake goge kaushi da shi. Ramukan da ke jikinsa sun yi yawa har yana yawo a kan ruwa. Bayan fashewar Krakatowa a Indonesiya a 1883, jiragen ruwa sun yi watanni suna ratsa tarinsa a tekun Indiya.

Tsakanin zurfi da fili akwai masu tsayawa a hanya. Magma takan kutsa cikin tsagar dutse ba nisa da doron ƙasa ta daskare a can, ƙwayarta ba babba ba, ba ƙarama ba. Dolarait ke nan. Yana da taurin da Misirawan dā suka riƙa sassaƙa shi dunƙule-dunƙule suna dukan giranit ɗin Aswan da shi har su fitar da dogayen ginshiƙansu. Wani ginshiƙi da ya tsage aka bar shi, mai tsawon kusan mita 42, yana nan kwance a mahaƙar har yau, da alamun dukan a jikinsa.

Abin da ke cikinsa

Tambaya ta biyu ta sinadari ce, kuma ma'aunin da aka fi dogara da shi shi ne yawan silika, sinadarin da yashi da gilashi suka ƙunsa. Basalt da gabro suna da silika kashi 45 zuwa 52 cikin ɗari, da baƙin ƙarfe da maganiziyom masu yawa, shi ya sa suke da duhu da nauyi. Andisait da dayorait suna tsakiya, daga 52 zuwa 63. Giranit da rayolait suna can sama, yawanci kusan 70 ko fiye, launinsu da haske. Abin lura shi ne yadda sunayen suka zo bibbiyu. Gabro da basalt narkakke ɗaya ne, ɗaya ya huce a zurfi ɗaya a fili. Haka dayorait da andisait, haka giranit da rayolait. Idan ka niƙe giranit da rayolait da obsidiyan ka kai wa mai gwajin sinadari, da wuya ya faɗa maka wanne ne wanne, alhali a ido ko makaho ya shafa ya san ba ɗaya ba ne.

Yawan silika ba launi kaɗai yake canjawa ba, har halin dutse mai aman wuta. Malalar basalt tana fitowa da zafin digiri 1,100 zuwa 1,200 a ma'aunin Salshiyos, kuma tsinkakkiya ce, tana gudu, iskar da ke cikinta tana samun mafita. Ta rayolait zafinta bai cika wuce 700 zuwa 850 ba, ga kauri, ga danƙo. Duk macen da ta taɓa tuƙa tuwo ta san bambancin: ruwa yana tafasa lafiya lau, amma da zarar talge ya yi kauri sai ya fara tsartuwa yana ƙona hannu, saboda tururin ba ya samun hanyar fita sai da ƙarfi. Dutsen Kilawiya na Hawai basalt yake fitarwa. A 2018 malalarsa ta cinye gidaje sama da 700, amma mutane sun samu lokacin kwashe iyalansu. Dutsen Fele na tsibirin Matinik kuwa andisait ne, kuma ranar 8 ga Mayu 1902 ya turo gajimaren toka mai zafi wanda ya hallaka kusan mutum 28,000 na garin San Fiyer cikin 'yan mintoci.

Alhazan da suka je Madina sun ga basalt ko da ba su san sunansa ba. Baƙaƙen duwatsun nan masu kaushi da suka yi wa birnin ƙawanya, waɗanda Larabawa ke kira harra, tsohuwar malala ce. Ta ƙarshe ta fito a shekarar 654 bayan Hijira, wato 1256, daga kudu maso gabashin birnin. Ta yi kusan kwana 52 tana fita, ta kwarara sama da kilomita 20 kafin ta tsaya ba da nisa da gari ba, kuma malaman tarihi na lokacin sun rubuta labarin wutar da hasken da ta yi.

Wannan bambancin kauri shi ne ya sa duniya ta rabu yadda ta rabu. Basalt tsinkakke ne, yana isa sama cikin sauƙi, shi ya sa ya fi kowane dutsen aman wuta yawa: ƙasan tekunan duniya kusan duka shi ne, tsaunukan Habasha shi ne, yankin Dekan na Indiya mai faɗin kusan murabba'in kilomita 500,000 shi ne, har baƙaƙen tabon da muke gani a fuskar wata shi ne, kamar yadda duwatsun da 'yan sama jannatin Apollo 11 suka kawo a 1969 suka tabbatar. Magmar giranit kuwa nauyin jiki gare ta, galibi tana maƙalewa a hanya, shi ya sa giranit ya yi yawa a nahiyoyi, rayolait kuma ya yi ƙaranci.

Rigimar ruwa da wuta

Abin da yanzu yaron sakandare ke haddacewa, manyan malamai sun yi shekaru suna sa-in-sa a kansa. A ƙarshen ƙarni na 18 babu malamin duwatsu da ya kai Abraham Werner na makarantar haƙar ma'adinai ta Freiberg a Jamus suna. Koyarwarsa ita ce dā can wani babban teku ya rufe duniya baki ɗaya, giranit shi ne abu na farko da ya kwanta a ƙasan tekun, basalt ma daga ruwa ya fito, aman wuta kuwa ƙaramin al'amari ne na gawayin ƙasa da ya kama wuta. Bai kamata a raina Werner ba. Ya koya wa ɗalibansa duban ma'adini da siffanta shi da kyau fiye da kowa a zamaninsa. Matsalarsa ita ce bai yi tafiya mai nisa ba, ya ɗauki duwatsun yankinsu na Saksoni a matsayin ma'aunin duniya.

Wani Bafaranshe, Nicolas Desmarest, tun a 1763 ya fara bin sawun ginshiƙan basalt a yankin Auvergne har ya kai su ga bakin tsofaffin duwatsun aman wuta. A Sikotilan kuma James Hutton ya je kwarin Glen Tilt a 1785 ya tarar da jijiyoyin jan giranit sun kutsa cikin wasu duwatsu masu duhu, sun ratsa su ta ko'ina. Abin da ya kwanta daga ruwa ba zai yi haka ba. Dole giranit ɗin ya shigo a narke, kuma dole ya zama ƙane ga dutsen da ya ratsa, ba wa ba. Magoya bayan Werner suka kawo hujja mai ƙarfi: ai idan aka narka dutse aka bar shi ya huce gilashi ake samu, ba dutse mai ƙwaya ba. Abokin Hutton, James Hall, shi ya warware wannan a ƙarshen shekarun 1790. Ya narka basalt a tanderu, wanda ya hucar da sauri ya zama gilashi, wanda ya bari ya huce a hankali ya koma dutse mai ƙwaya. Har wasu daga cikin fitattun ɗaliban Werner, irin su Leopold von Buch, da suka je Auvergne suka gani da idonsu, sun sauka daga ra'ayin malaminsu.

Daga ina narkakken yake?

Mutane da yawa sun ɗauka cewa ƙarƙashin ƙafafunmu wani tekun wuta ne, aman wuta kuma yoyonsa ne. Ba haka ba ne. Ɓangaren da ke ƙarƙashin ɓawon duniya, wanda ake kira mantil, daskararren dutse ne mai kaurin kusan kilomita 2,900. Yana da zafin da ya isa ya narkar da shi a fili, amma nauyin abin da ke kansa ya hana. Narkewa tana faruwa ne a wurare ƙalilan, kuma ta hanyoyi uku.

Hanya ta farko ita ce raguwar matsi. Inda faifayen ɓawon duniya suke rabuwa, kamar tsakiyar tekun Atalantika, dutsen mantil mai zafi yana tasowa a hankali, nauyin da ke kansa yana raguwa, sai wani sashe nasa, kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari, ya narke. Dutsen mantil ɗin feridotait ne, mai ruwan ganye saboda yawan ma'adinin olibin, amma ruwan da ke tatsowa daga gare shi basalt ne, domin abubuwan da suka fi saurin narkewa su ke fara fita. Wanda ya isa ƙasan teku ya zama basalt, wanda ya tsaya ƙarƙashinsa ya zama gabro. Ta biyu ita ce shigar ruwa. Inda faifan teku yake nutsewa ƙarƙashin wani, kamar gaɓar yammacin Amurka ta Kudu ko Japan ko Indonesiya, yana tafiya da ruwan da ma'adinansa suka sha. A zurfin kusan kilomita 100 yana sakin ruwan, ruwa kuma yana rage zafin da dutse ke buƙata kafin ya narke. Nan ne gidan andisait, wanda ma daga tsaunukan Andis ya samo sunansa. Ta uku ita ce ƙarin zafi: magmar basalt ta taru a gindin ɓawon nahiya, ko nahiyoyi biyu su yi karo ɓawon ya ninku ya yi kauri, sai shi kansa ɓawon ya fara narkewa ya ba da magmar giranit.

Akwai kuma abin da ke faruwa da magma bayan ta samu. Norman Bowen, wanda ya yi aiki a ɗakin gwaje-gwaje na Cibiyar Carnegie a Washington, ya nuna a littafinsa na 1928 cewa ma'adinai ba sa daskarewa lokaci guda. Olibin ke fara fita tun magma na da zafi sosai, sai firoksin, sai amfibol, sai baƙar maika, kwaz ne na ƙarshe. Idan na farkon suka nutse ƙasa suka rabu da sauran ruwan, abin da ya rage yana ƙara silika, yana matsawa daga basalt zuwa andisait har zuwa giranit. Tarin dutsen Bushveld na Afirka ta Kudu, mai shekaru kusan biliyan 2, ya nuna wannan hawa-hawa, kuma a cikin waɗannan hawa ne ake haƙar mafi yawan filatinom ɗin duniya. Sai dai lissafin bai cika ba. Ɗan giranit kaɗan ake samu daga basalt mai yawa, alhali giranit ɗin da ke nahiyoyi ba shi da iyaka. Wannan ya haifar da wata rigimar a shekarun 1940, inda wasu, ciki har da Baturen Ingila H. H. Read, suka ce yawancin giranit bai taɓa narkewa ba, tsofaffin duwatsu ne suka rikiɗe a inda suke. Gwaje-gwajen da Tuttle da Bowen suka wallafa a 1958 sun rinjayar da masana zuwa ga narkewa, amma Read ya bar gaskiya guda da ba ta mutu ba, cewa giranit iri-iri ne. A 1974 wasu masana biyu a Ostireliya, Chappell da White, suka raba shi gida biyu gwargwadon abin da aka narka: tsohon dutsen wuta ko tsohuwar laka. Bayan 'yan shekaru aka ƙara wani gida na giranit ɗin da ke fitowa a tsakiyar nahiya ba tare da karo ba.

Su kansu sunayen sai da aka yi musu shara. Kowane masani da ya ga dutse a ƙauyensu sai ya raɗa masa suna, har suka haura 1,500. Wani ɗan Suwizalan, Albert Streckeisen, ya jagoranci kwamitin ƙasa da ƙasa a shekarun 1970 aka tsayar da ƙa'ida: a ƙirga kwaz da feldisfa iri biyu a dutse, a ga inda ya faɗa. Kafin dutse ya zama giranit dole kwaz ya kai kashi 20 zuwa 60 cikin ɗari na fararen ma'adinansa. Idan bai kai ba, kuma feldisfa mai fotashiyom ya rinjaya, sayanait ne. Abin dariya, sayanait daga tsohon sunan Aswan aka samo shi, amma a ƙa'idar yau dutsen Aswan ɗin giranit ne. Sunaye kimanin 300 ne kwamitin ya amince da su. Mu ma muna da namu a cikin littattafai: Farfesa Mosobalaje Oyawoye na Jami'ar Ibadan ya bayyana wani dutse mai duhun kore a kewayen Bauchi, wanda ya haɗa kwaz da olibin mai baƙin ƙarfe, haɗin da ba a saba gani ba, ya sa masa suna bauchait a 1965.

Tsohon giranit da sabon giranit

Ƙa'idar Streckeisen tana faɗin abin da dutse ya ƙunsa, ba ta faɗin inda ya fito. Ba sai an je Ostireliya ba kafin a ga illar wannan. A 1911 J. D. Falconer, wanda ya jagoranci binciken ma'adinai a Arewacin Najeriya, ya lura cewa giranit ɗin ƙasar nan iri biyu ne, ya kira su tsoho da sabo, kuma sunayen sun zauna har yau.

Tsohon shi ne na Kufena da Kwatarkwashi da yawancin faffaɗan duwatsu masu santsin kai da ake gani daga Zariya zuwa Abuja. Shekarunsa wajen miliyan 600, lokacin da tsohon ginshiƙin Afirka ta Yamma ya yi karo da ƙasar da ke gabashinsa, aka samu manyan tsaunuka, gindinsu ya narke. Tsaunukan sun zaizaye sun ƙare, saiwarsu ce muke hawa. Sabon kuwa labarinsa daban ne ƙwarai. Ba karo aka yi ba. Magma ce ta huda tsakiyar nahiya ta kafa manyan duwatsun aman wuta masu fitar da rayolait. Da rumbun magmar da ke ƙasa ya yi sauƙi, sai rufinsa ya rufta a kewaye, sabuwar magma ta biyo tsagar mai siffar zobe, daga baya giranit ya taso ya cika tsakiya. Shi ya sa a taswira suke fitowa zobe-zobe, kusan guda 50 a Najeriya kaɗai: Jos da Bukuru, Shere, Ningi, Ririwai, Dutse da sauransu. A Ririwai da Ningi ragowar rayolait ɗin bai gama zaizayewa ba, mutum yana iya taka dutsen da ya huce a fili da ɗan'uwansa da ya huce a zurfi a yini ɗaya.

Jerin bai tsaya a iyakar Najeriya ba, kuma shekarunsa suna tafiya bi da bi. Zobban tsaunukan Abzin a arewacin Agadas sun haura shekaru miliyan 400. Na Damagaram da Gure wajen miliyan 300. Na Dutse kusan 213, na Jos kusan 160, na Afu a jihar Nasarawa kusan 140. Wato wutar ta yi ta matsowa kudu sannu a hankali cikin shekaru sama da miliyan 250.

Ɗauko ɓalli daga Kufena da ɓalli daga Bukuru, duka biyu za su ci jarrabawar giranit. Amma magmar sabon tana ɗauke da sinadarin fulorin da ƙarafa irin su kuza da niyobiyom, waɗanda ba sa shiga ma'adinan farko, sai suka taru a ruwan ƙarshe suka cika tsagogin saman dutsen. Da ruwan sama ya zaizaye saman, baƙar ƙwayar kuza mai nauyi ta kwanta a rafuka. Mutanen Ririwai sun daɗe suna wanke ta suna narkawa, suna sayar da ita siraran sanduna, tun kafin Turawa su iso filaton Jos a farkon ƙarni na 20. A shekarun 1950 kuma mafi yawan kolombait, wato ma'adinin niyobiyom, da duniya ke amfani da shi daga Jos yake fita. Wanda ya je gindin Kufena neman irin wannan arziki don ya ji an ce shi ma giranit ne, wahalar banza zai sha.

Filaton yana da wuta ta uku, ƙarama a shekaru. Tuddan Panyam da Kerang a ƙaramar hukumar Mangu bakunan aman wuta ne da suka fitar da basalt, kuma ƙasar da ta samu daga ruɓewarsa tana cikin abin da ya sa noman dankalin turawa ya karɓi yankin. Tudun Biu a Borno basalt ne, tafkin Tila kuma tsohon bakin wuta ne da ruwa ya cika. Dutsen Wase da ya miƙe tsaye shi kaɗai a fili wani abu ne daban: magmar tirakait ce ta daskare a maƙogwaron dutse mai aman wuta, jikin dutsen ya zaizaye, toshiyar ta rage. Ta ɓangaren Kamaru wutar ba ta mutu ba. Dutsen Kamaru ya yi aman basalt a 1999 da 2000, kuma iskar da ta taso daga magma ta taru a tafkin Nyos ita ce ta kashe sama da mutum 1,700 a daren 21 ga Agusta 1986.

A ganina kuskuren da littattafan makaranta ke yi shi ne su ba yaro jadawalin sunaye shida ya haddace, su kuma nuna masa ƙa'idar hucewa kamar ba ta da togaciya. Tana da ita, kuma togaciyar ce ake haƙa yanzu a Nasarawa da Kaduna da Kwara. Sunanta fegmatait, dutse ne mai sinadarin giranit, amma ƙwayarsa tana kai girman hannu, wani lokaci ta fi mutum tsawo. Bisa ƙa'ida sai a ce ya fi kowa jinkirin hucewa, alhali sau da yawa siririyar jijiya ce da ba ta daɗe ba ta sandare. Sirrin shi ne ruwa. Ragowar magmar giranit ta ƙarshe tana cike da ruwa da boron da fulorin, ta tsinke sosai, sinadarai suna tafiya a cikinta da sauri su taru a kan ƙwayoyi 'yan kaɗan. Duk abin da bai samu gurbi a ma'adinan farko ba a nan yake ƙarewa: tantalait, tomalin da akwamarin da 'yan kasuwar duwatsu masu daraja ke nema, da kuma litiyom na batirin waya da mota. Jijiyoyin fegmatait na Wamba da Keffi da Ijero ba na sabon giranit ba ne, daga ƙarshen zamanin tsohon suka fito, shekaru sama da miliyan 500. Saboda haka tsohon giranit da aka daɗe ana ganin ba shi da abin kirki sai tsakuwa, a gefensa ne masu haƙar litiyom suka kafa sansani, har aka buɗe masana'antar sarrafa shi a jihar Nasarawa a 2024.